Matakin Farko na Turanci: Tambayoyin da Masu Koyo a Katsina Suka Fi Yi

Ina koyar da manya Turanci a ajin yamma a cikin birnin Katsina. Masu zuwa sun haɗa da 'yan kasuwa, teloli, masu POS, matan aure, da samarin da suka gama sakandare amma har yanzu baki bai buɗe ba. Tambayoyinsu kusan iri ɗaya ne, shi ya sa na tattara su a nan tare da amsoshin da nake ba su.

Malam, me ake nufi da matakin farko na Turanci? Wa ya yanka masa iyaka?

Akwai wani ma'auni da Majalisar Ƙasashen Turai ta fitar a shekarar 2001, ana kiransa CEFR a taƙaice. Ya kasa iya harshe gida shida: A1, A2, B1, B2, C1 da C2. A1 shi ne na ƙasa, C2 shi ne ƙololuwa. Ba don Turanci kaɗai aka yi shi ba, da shi ake auna Faransanci da Jamusanci da sauransu. Idan ɗan Maraɗi ko Damagaram ya ce maka Faransancinsa ya kai B1, wannan sikelin yake nufi.

Abin da ya sa nake son ma'aunin shi ne bai damu da shekara nawa ka yi a makaranta ba, bai kuma tambayi takardarka ba. Tambayarsa ɗaya ce: me kake iya yi da harshen? A matakin A1 ana so ka gane kuma ka yi amfani da gajerun maganganu na yau da kullum, ka gabatar da kanka da waninka, ka yi tambaya ka kuma ba da amsa a kan inda kake zaune, mutanen da ka sani da abin da ka mallaka. An kuma sa sharaɗi a fili: wanda kuke magana da shi zai yi a hankali, ya fito da kalmomi sarai, ya kasance a shirye ya taimaka maka. Wato tun a ma'aunin an yarda cewa mai matakin farko yana buƙatar a maimaita masa. Ba gazawa ba ce.

To a zahiri, me zan iya yi idan na kai wannan mataki?

Ka je banki a miƙo maka fom, ka gane inda ake son sunan mahaifi ko na dangi, inda ake son sunanka, ranar haihuwa, adireshi da lambar waya, ka cike da hannunka ba tare da ka nemi mai gadi ya taimake ka ba. Saƙon kuɗi ya shigo wayarka, ka bambanta wanda aka saka maka da wanda aka cire maka. A asibiti, idan likitar ba ta jin Hausa, ka iya ce mata kanka ke ciwo, tun jiya, kuma yaron shekararsa huɗu. Ka karanta takardar kemis da ke cewa ƙwaya ɗaya sau biyu a rana bayan cin abinci. Baƙo ya tsaya a Ƙofar Ƙaura yana neman hanyar babbar kasuwa, ka ce masa ya miƙe, ya yi dama, ba nisa. Ka faɗi farashi, ka faɗi lokaci, ka rubuta gajeren saƙo cewa kana hanya ko ba za ka samu zuwa ba.

Waɗannan abubuwa ƙanana ne a ido, amma wanda ya taɓa tsayawa a layi da fom a hannu yana waige-waigen wanda zai roƙa ya san girmansu. Magidanci ba ya son yaron da ya haifa ya riƙa karanta masa saƙon bankinsa.

Me ba zan iya ba tukuna?

Ba za ka bi labaran talabijin na Turanci ba, ba za ka yi musu ba, ba za ka rubuta takardar neman aiki mai kyau ba, kuma waya za ta yi maka wuya saboda ba ka ganin bakin mai magana. Duk wanda ya yi maka alkawarin waɗannan cikin wata guda, kuɗinka yake so.

Kalmomi nawa zan haddace?

Ɗaruruwa ne, ba dubbai ba. Kuma ba kowace kalma ba: lambobi, ranakun mako, watanni, launuka, sunayen dangi, abinci, sassan jiki, kayan ɗaki, wuraren gari, sana'o'i, sai aikatau na kullum kamar zuwa, ci, sha, saye, sayarwa, so, gani da ji. Ka ƙara da kalmomin sana'arka. Tela ya fara da awo, yadi, wuya da hannu. Mai shago ya fara da farashi, canji, bashi da ragi.

Ba daga sifili kake farawa ba. Mota, tebur, bokiti, direba, kafinta, tela, burodi, fensir, siminti, banki, ofis, duk daga Turanci suka shigo mana. Ka riga ka san ma'anarsu, saura ka koyi yadda masu harshen suke furta su.

Shawarata ita ce kada ka haddace kalma ita kaɗai. Na sha ganin ɗalibi da littafi cike da jerin kalmomi, Turanci a hagu Hausa a dama, amma ya kasa haɗa jimla ɗaya. Ka ɗauki kalma tare da jimlar da take zaune a ciki. Maimakon "water" kawai, ka riƙe "I want water" da "Do you have water?" Ranar da buƙata ta taso, jimlar ce za ta fito, ba jerin ba.

Wata nawa zai ɗauke ni?

Ƙiyasin da aka fi amfani da shi, wanda ya yi daidai da jadawalin hukumar jarrabawar Turanci ta Jami'ar Cambridge da ke Birtaniya, shi ne awa 90 zuwa 100 na darasi tare da malami kafin a kai A1. Ka yi lissafi da kanka. Idan kana zuwa aji sau uku a mako, awa biyu-biyu, awa shida ke nan a mako, wato wajen wata huɗu. Idan awa biyu kawai kake samu a mako, ka kusa shekara.

Sai dai wannan lissafi an yi shi ne da tunanin mutumin da ya iya karatu da rubutun boko, kuma yana bita a gida. Wanda zai fara daga baƙaƙe zai fi haka daɗewa. Akwai kuma abin da lissafin bai ƙunsa ba: damina ta zo an tafi gona, azumi ya zo aji ya watse, biki, rasuwa, tafiya Kano sarin kaya. Yawancin waɗanda suka kasa ba ƙwaƙwalwa ce ta gaza musu ba, yankewa suka yi na wata biyu, da suka dawo suka tarar abin ya zube, sai zuciya ta karye. Ko aji ya tsaya, kada bita ta tsaya.

Ni karatun allo na yi. Ina karanta ajami da Alƙur'ani, amma ban iya boko ba. Daga ina zan fara?

Ka fara da karatun boko da Hausa, ba da Turanci ba. Dalili shi ne rubutun Hausa yana tafiya da furucinsa: abin da ka gani shi za ka faɗa. Turanci ba haka yake ba. Baƙaƙensa 26 ne, amma sautukansa sun kai 44, kuma harafi ɗaya yakan ba da sauti iri-iri. Idan ka haɗa koyon baƙaƙe da koyon sabon harshe lokaci guda, ka ɗora wa kanka kaya biyu. Azuzuwan yaƙi da jahilci na Hukumar Ilimin Manya ta jiha don wannan aka yi su, kuma mai ajami ba ya daɗewa a ciki, domin ya riga ya san cewa baƙi da wasali ne ke haɗuwa su ba da gaɓa. Abin da zai saba da shi kawai shi ne sabbin siffofi da rubutu daga hagu zuwa dama.

Wannan bai hana ka fara koyon Turanci da kunne da baki tun yau ba. Gaisuwa, lambobi, sunanka da garinku ba sa jiran biro.

Kuma kada wani ya kira ka jahili ka yarda. Kana zuwa da abin da ɗan boko da yawa ba su da shi, wato horon hadda.

Na gama sakandare, har ina da kiredit a Turanci, amma idan aka yi mini magana sai in daskare. Wane mataki nake?

Kana matakai biyu lokaci guda, kuma irinka suna da yawa ƙwarai. A karatu wataƙila ka kai A2 ko B1, a magana kuma kana A1 ko ƙasa da haka. Ma'aunin ya yarda da wannan, domin yana auna ji, magana, karatu da rubutu kowanne daban.

Ba abin mamaki ba ne. Jarrabawar Turanci ta WAEC insha'i ce da fahimtar rubutu da taƙaitawa da zaɓen amsa. Ko ɓangaren da ya shafi furuci, ba da baki ake amsa shi ba. Mutum zai iya cin jarrabawar bai buɗe baki ya faɗi jimla ɗaya ba. Ga shi kuma a Katsina Hausa ta wadatar da kai a kasuwa, a masallaci, a tasha, har a ofisoshin gwamnati. Ɗan Fatakwal ko Benin dole ta sa shi magana da Turanci ko buroka tun yana yaro saboda maƙwabcinsa yarensa daban. Mu ba mu da wannan dolen, sai mun ƙirƙira wa kanmu.

Kai ba sabon littafin nahawu kake buƙata ba. Abokin magana kake buƙata.

Nahawu fa? Sai na san duk ƙa'idojin?

A'a. Kaɗan ne ake so a wannan mataki, kuma wasu Hausa ta riga ta share maka hanya. Tsarin jimla iri ɗaya ne: mai aiki, aiki, abin da aka yi wa aiki. "Audu ya sayi doya" haka take jere a Turanci. Inda muke da kai, ke da ku, su kalma ɗaya ce, "you". Wannan sauƙi ne.

Wuraren da Bahaushe ke tuntuɓe sanannu ne. Mu muna nuna lokaci a jikin wakilin suna: na tafi, zan tafi, ina tafiya, nakan tafi. Su kuma aikatau ɗin ne ke canzawa, "go" ya koma "went". Mu kowane abu namiji ne ko mace, mota ita, gida shi, saboda haka ɗalibi yakan kira mota "she", alhali suna da "it" na abin da ba mutum ba. Muna cewa "Ni malami ne", sai ɗalibi ya ce "I teacher", ya bar "am" da "a" a baya. Sai kuma yadda ake tambaya da korewa da "do" da "does", wanda ba mu da irinsa.

Idan ka iya "am, is, are", da "have", da maganar abin da kake yi kullum da wanda kake yi yanzu, da "can", da jam'i mai "s", da kalmomin tambaya, ka riƙe mafi yawan nahawun A1. Ka koye su ta hanyar maimaita jimloli, ba ta hanyar haddace sunayen ƙa'idoji ba. Na fi son ɗalibin da zai ce "She goes to market" daidai bai san sunan ƙa'idar ba, a kan wanda ya san sunan amma ya kasa faɗa.

Ana yi mana dariya a kan "p" da "f". Me ya sa muke haɗa su, kuma yana gyaruwa?

Yana gyaruwa, kuma ba ciwon baki ba ne. Hausa ba ta da waɗannan sautuka biyu a rabe. Namu "f" da leɓɓa biyu ake yin sa, yana tsakanin nasu biyun. Mu nan Katsina ma sau da yawa "h" muke mayar da shi, mu ce tahiya, mu ce hili. Kunnen da ya tashi a haka bai saba jin bambancin ba, abin da kunne bai ji ba kuwa baki ba zai faɗa ba.

Ga yadda muke yi a aji. Kowa ya yagi 'yar takarda ya riƙe gaban bakinsa. Don "p", a rufe leɓɓa biyu ruf, a sake su da ƙarfi, takardar ta yi tsalle. Don "f", a ɗora haƙoran sama a kan leɓen ƙasa a hura iska a hankali, takardar ta ɗan karkata kawai. Sai a yi ta jera "pan, fan", "pull, full", "copy, coffee". Wanda ke gida ya yi a gaban madubi ko kyamarar wayarsa: idan bai ga haƙoransa ba, ba "f" ya faɗa ba. Haka "v" yake, haƙora a kan leɓe amma da murya, don kada "very" ta koma "berry".

Na biyu shi ne cusa wasali. Hausa ba ta fara kalma da baƙi biyu a jere, shi ya sa "bread" ta zama burodi, "driver" ta zama direba. Idan kana Hausa, burodi daidai ne. Idan kana Turanci, sai ka koyi haɗe baƙaƙen ba tare da ka raba su ba. Sai "th" na "three" da "this", inda ake ɗan fito da kan harshe tsakanin haƙora.

Akwai inda muka fi wasu sa'a. Bahaushe yana jin bambancin dogon wasali da gajere, ya san garin da ake zama daban da garin tuwo. Wannan kunnen zai taimake shi raba "ship" da "sheep".

Wanda na fi matsa wa ɗalibai a kai shi ne lambobi, musamman 13 da 30, 14 da 40, 15 da 50. A na farko ana jan ƙarshen kalmar da ƙarfi, a na biyu ƙarfin yana farko. Mai POS da ya ji dubu 15 a matsayin dubu 50 ba dariya za a yi masa ba, asara zai yi. Idan kana shakka, ka ce a faɗa maka lamba ɗaya-ɗaya, ko a rubuta.

Ba a neman ka yi magana kamar ɗan Landan. A gane ka shi ne buƙata.

Gaskiya kunya nake ji. Da na fara sai abokai su ce na zama Bature.

Wannan ita ce babbar matsalar, ta fi nahawu da furuci a haɗe. Abin yana ɓata mini rai, domin mu ne muke yi wa junanmu. Wanda bai iya ba ya yi maka dariya don ka gwada, wanda ya iya ya yi maka dariya don ka yi kuskure. Tsakanin su biyun sai mutum ya kulle bakinsa shekara da shekaru. Amma ku duba yadda muke yi wa baƙo mai koyon Hausa: ya ce "ina kwana" da rana tsaka, mu yi murna, mu gyara masa, mu ƙara masa wata. Me ya hana mu yi wa ɗan'uwanmu haka?

Abin yi shi ne kada ka fara a majalisa. Ka sami mutum ɗaya ko biyu da kuke mataki ɗaya, ku yi alkawari cewa minti goma sha biyar bayan la'asar ko bayan isha'i ba Hausa, kuma ba dariya. Daga nan ka matsa zuwa baƙi, domin baƙo ya fi sauƙi a kan wanda ya san ka. Akwai 'yan bautar ƙasa da ake turowa makarantunmu daga kudu, akwai ɗaliban Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman da suka zo daga wasu jihohi, akwai masu shagunan kayan gyaran mota. Da yawansu sun iya Hausa kuma za su amsa maka da ita don su sauƙaƙa maka, sai ka gaya musu kai tsaye cewa koyo kake yi, su daure su yi maka Turanci a hankali. Da yawa za su so ka biya su da Hausa.

Ka haddace jimloli uku tun makon farko: "Please speak slowly", "Please say it again", da "I don't understand". Mai waɗannan uku ba ya daskarewa, domin ko bai gane ba yana da abin faɗa.

Wani lokaci nakan tuna wa ɗalibai cewa a garin nan aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922, kuma a cikinta Sir Ahmadu Bello da Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu. Tafawa Ɓalewa ya tsaya gaban Majalisar Ɗinkin Duniya a watan Oktoba na 1960 ya yi jawabi da Turancin da har yau ake yabawa. Ba a gidansu ya tashi da shi ba, a aji ya koya, a Bauchi da nan Katsina.

Buroka Turanci ce? In fara da ita?

Buroka harshe ne mai zaman kansa da nasa tsarin, kuma tana da amfani a tasha, a bariki, a Legas. Ban raina ta ba. Amma ba ita ke cikin fom, ko takardar magani, ko jarrabawa ba. Idan ka iya ta, za ta ba ka kalmomi da ƙarfin hali. Ka dai san lokacin da kake yin wannan da lokacin da kake yin wancan.

Na haura hamsin. Lokaci bai wuce ba?

Bai wuce ba, Alhaji. Yaro ya fi ka saurin kama lafazi, kai kuma ka fi shi sanin abin da ya kawo ka. A1 ba ta fi ƙarfin kowane mai lafiya ba. Idan ido ya fara rauni a nemi tabarau da littafi mai manyan baƙaƙe.

Ni matar aure ce, ba na samun fita aji. Akwai hanya?

Akwai, Hajiya. Littattafan Turanci na 'yan firamare ɗaya zuwa uku da yaranki ke dawowa da su kusan duk kayan A1 ne. Ki zauna da su lokacin aikin gida, ke kina koyo, su suna bita. Ki rubuta sunayen kayan ɗaki da na kicin a 'yan takardu ki manna a jikinsu. In akwai maƙwabta biyu ko uku masu irin burinki, ku haɗa kuɗi ku ɗauki malama ta riƙa zuwa gida ɗaya, kamar yadda ake yi da karatun Islamiyya. Saƙon murya na WhatsApp ma aji ne: malama ta turo jimla biyar, ki saurara, ki maimaita, ki tura mata ta gyara.

Mata da yawa da ke sayar da atamfa, turaren wuta ko kayan kicin ta waya suna rasa ciniki daga Abuja da Legas saboda an rubuto musu tambayar farashi da kuɗin aike sun kasa amsawa. Jimlolin wannan ciniki ba su da yawa, ana iya koyonsu cikin 'yan makonni.

Waya kaɗai za ta iya koya mini?

Za ta kai ka wani wuri, ba za ta kai ka ƙarshe ba. BBC Learning English da shafin koyon Turanci na British Council kyauta ne, kuma suna da darussan masu farawa. Duolingo tana taimakawa wajen naci na kullum. A YouTube akwai malamai Hausawa da ke bayani da Hausa, wanda ya fi dacewa da mai farawa daga tushe. Saboda tsadar data da matsalar wuta, ka sauke darasi lokacin da ka sami sabis mai kyau, ka yi ta saurarensa. Darasi ɗaya da ka ji sau goma ya fi goma da ka ji sau ɗai-ɗai.

Abin da waya ba ta yi shi ne ta sa ka amsa wa mutum mai rai da ke jiran ka. Kuma ka yi hattara da fassarar na'ura: tana da amfani don duba kalma, amma idan ita ke rubuta maka kowane saƙo, ita ke koyo ba kai ba.

Yaya zan tsara karatuna a gida?

Kamar yadda ake yi a makarantar allo: ƙari kaɗan, tilawa da yawa, kuma da murya a sama. Almajiri ba ya wanke allo sai ya riƙe abin da ke kai, kuma ba ya barin na baya don ya sami sabo. Rabin awa a rana ya isa. Minti goma ka saurari gajeriyar hira, minti goma ka maimaita ta da babbar murya har bakinka ya saba, minti goma ka rubuta jimla biyar a kan rayuwarka: sunan unguwarku, 'ya'yanka nawa, me ka ci da safe, ƙarfe nawa kake buɗe shago. Sabbin kalmomi kada su wuce biyar zuwa bakwai a rana. Abin da ka koya yau ka waiwaye shi gobe, sannan bayan kwana uku, sannan bayan mako. Ranar Juma'a kada ka ƙara komai, bita kawai.

Ka ɗaura karatun a jikin abin da ba ka fashinsa, kamar bayan sallar asuba ko kafin buɗe shago. Wanda ya ce sai ya sami lokaci ba zai samu ba.

Yaya zan gane malamin kirki kafin in biya kuɗin lesin?

Ka roƙi a bar ka ka zauna darasi ɗaya. Ka duba wa ya fi magana. Idan malam ne ke ta zuba manyan kalmomi, ɗalibai na kwafa daga allo shiru, ka nemi wani wuri. Ajin masu farawa ya kamata ka ji hayaniyar ɗalibai bibbiyu suna tambayar juna. Malamin kirki yana amfani da Hausa ya yi bayani idan ta kama, sannan ya koma Turanci. Ba ya gyara kowane kuskure a tsakiyar magana, ba ya kuma bari a yi wa kowa dariya. Aji mai mutum hamsin ba za ka sami damar buɗe baki ba.

Wasu na cewa yaren Nasara ne, ba ruwan Musulmi da shi.

Ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci Zaidu ɗan Sabit ya koyi rubutun Yahudawa don ya riƙa karanta masa wasiƙunsu yana rubuta amsa. Turanci shi ne harshen hukuma a Nijeriya. Da shi ake rubuta takardar fili, takardar kotu da yarjejeniyar bashi. Wanda ba ya karanta abin da yake sa wa hannu yana hannun wanda ya karanta masa. Koyon Turanci kuma bai ce ka saki Hausa ko Larabci ba.

Akwai takardar shaida ta A1? Ina buƙatarta?

Yawancin mutane ba sa buƙata. A Nijeriya masu ɗaukar aiki da jami'o'i kiredit na WAEC ko NECO suke tambaya, kuma Turanci dole ne a jarrabawar JAMB. Inda takardar A1 ke da muhimmanci shi ne biza. Wadda za ta bi mijinta ko wanda zai bi matarsa zuwa Birtaniya da bizar iyali ana neman ya nuna Turanci na matakin A1 a karon farko, sai dai in yana da digirin da aka karantar da Turanci ko wani uzuri da doka ta yarda da shi. Ɗaya daga cikin jarrabawoyin da ake karɓa ita ce IELTS Life Skills ta A1. Ji da magana kawai take aunawa, ba ta kai minti 20 ba, ana yin ta tare da wani ɗan jarrabawar a gaban mai gwadawa, sakamakon kuma ci ne ko faɗuwa. Dokokin biza suna canzawa, saboda haka a duba shafin gwamnatin Birtaniya kafin a biya kuɗi, kuma a guji duk wanda ya ce zai samo takardar ba tare da an zauna jarrabawa ba. Yara kuma Cambridge tana da jarrabawar A1 Movers.

Ta yaya zan san na kai, kuma me ke gaba?

Ka sami wanda ya iya Turanci kuma bai saba da maganarka ba, ku zauna minti biyar. Ka gabatar da kanka, ka faɗi aikinka da iyalinka. Ya tambaye ka lokaci, farashin abu uku, da hanyar zuwa wani wuri. Ya faɗa maka lambar waya ka rubuta. Kai ma ka yi masa tambaya biyar, domin ɗalibai da yawa sun iya amsawa amma ba su iya tambaya ba. Sannan ka cike fom na gaske, ka rubuta saƙo mai jimla uku. Idan ka yi waɗannan ba tare da kun koma Hausa ba, ko da ya maimaita maka, ko da ka yi kurakurai, ka kai A1.

Na gaba shi ne A2, wanda Cambridge ta ƙiyasta a awa 180 zuwa 200 idan aka haɗa da na baya. A nan ne za ka fara ba da labarin abin da ya faru jiya da abin da kake shirin yi gobe, ka kwatanta kaya biyu ka faɗi wanda ya fi, ka yi ciniki har da neman ragi, ka kuma fara ɗaga waya idan baƙuwar lamba ta kira da Turanci.